Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Malama

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Aikinsa kula da manyan janaretocin wata masana'anta, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Daga ƙarar inji kawai yake gane abin da ke damunsa, tun bai ɗauko sifana ba. Illarsa guda ce: in dai magana ta zo kan ƙarfe, ba ya jin ta kowa.

Matarsa malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare mai nisa da gidansu. Shekararsu goma sha ɗaya da aure, suna da 'ya'ya mata biyu. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, tana zaune tare da su.

Ganin wahalar da Malama ke sha wajen neman abin hawa kullum da safe, sai Injiniya ya yi ƙoƙari ya saya mata mota ta hannu. Kwana uku ya yi yana duba ta kafin ya amince. Ya shiga ƙarƙashinta, ya buɗe bonet, ya saurari injin. Ranar da ya miƙa mata makulli ya ce, "Ga ta nan. Ni na duba ta da hannuna, ba abin da za ta yi miki."

Wata biyu motar tana tafiya lafiya lau.

Wata rana da azahar, Malama ta ɗauko yara daga makaranta. Tana tsakiyar babban titi sai ta ji motar ta yi tsit. Fitilun gaban direba suka kawo ja gaba ɗaya. Ta taka totur, ba komai. Ta juya sitiyari, ta ji ya yi nauyi kamar an ɗaure shi da igiya. Da ƙyar ta gangara gefen titi, motoci na ta danna mata hon.

Ta murɗa makulli, motar ta ƙi tashi. Ta zauna, yara sun zuba mata ido. Bayan kamar minti goma sha biyar ta sake murɗawa, sai ga mota ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Da maigidan ya dawo ta gaya masa. Washegari da safe ya shiga motar, ya zagaya unguwa sau biyu, ya dawo ya ajiye makullin a kan tebur.

"Lafiyarta ƙalau. Wataƙila gwiwarki ce ta bugi makullin."

"Maigida, ban taɓa komai ba. Haka kawai ta ɗauke."

"Malama, inji ba ya ɗaukewa haka kawai. Ni da nake yini a cikin inji nake gaya miki."

Bayan kwana tara motar ta sake mutuwa, wannan karon a bakin shatale-tale. Sai kuma a kan gada. Da Malama ta matsa masa, ya kai motar gareji. Bakanike ya canja fulogi, ya wanke tankin mai, ya tayar da ita na minti biyar, ya ce shi bai ga matsala ba. Injiniya ya dawo da ƙarfinsa.

Daga nan abin ya koma abin dariya. Duk ranar Lahadi ƙannensa maza biyu kan zo gaida Inna, kuma a falo ya ba su labarin. Ƙaramin ya tuntsire da dariya ya ce, "Yaya, ai motar tsoron lissafi take yi. Da ta ga Malama sai ta sume."

Tun daga ranar suka laƙaba wa Malama suna Mai Kashe Mota. Da ta shigo da ruwa sai babban ya ce, "A ɓoye makullai, ga ta nan ta fito." Malama takan yi murmushi ta wuce kicin. Ba wanda ya taɓa bin ta ya ga fuskarta a can.

Inna ce kawai ba ta dariya. Ran nan ta ce wa ɗanta, "Ni dai ban san mota ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina zaune da yarinyar nan, ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

"Ba ƙarya na ce ta yi ba, Inna. Tuƙin ne bai zauna mata ba."

Malama ba ta ƙara musu ba. Ta samo ƙaramin littafi ta ajiye a motar. Duk lokacin da ta mutu sai ta rubuta rana, da ƙarfe nawa, da tsawon tafiyar da ta yi kafin ta mutu, da mintin da ta jira kafin ta tashi. Da rubutun ya kai bakwai, ta kawo masa yana cin abinci.

"Ka duba, Abban yara. Ba ta taɓa mutuwa da safe ba. Kullum sai na yi tafiyar fiye da minti arba'in, kuma cikin rana. Sannan in ta mutu, birkin sau ɗaya ko biyu yake kamawa, daga nan sai ya yi tauri. Dole mutum ya taka sau ɗaya ya riƙe, kada ya yi ta..."

Ya ture littafin da bayan hannu.

"Yanzu ni za ki koya wa taka birki? Nan gida ne, ba aji ba."

Ta ɗauke littafinta. Da safe ta ajiye makullin a kan firij, ta kama hannun 'ya'yanta suka fita neman motar haya kamar da. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Gani yake ta raina kyautarsa, kuma maƙwabta na kallon matar Injiniya a bakin titi alhali ga mota a gida. Kusan mako biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Ranar wata Asabar aka yi waya cewa ƙanwar Inna ba ta da lafiya. Gidanta yana can ƙarshen gari, tafiyar awa guda. Motar aikin da Injiniya ke hawa tana ofis ranar, don haka ya miƙa hannu kan firij.

Malama tana wanke-wanke ta ji ƙarar makullin. Ta fito da kumfa a hannu.

"Don Allah ku hau ta haya. Rana ta yi zafi, ga tafiyar da nisa."

Inna ta tsaya da mayafinta a hannu. "Wannan ce motar da take faɗa?"

"Inna, ni zan tuƙa," in ji shi. "Shiga kawai."

Ta shiga gaba ta zauna kusa da shi.

Sun yi tafiyar kusan minti hamsin lafiya. Har ya fara cewa, "Kin gani ko, Inna? Ina mutuwar take?" Suka hau wata doguwar gada, suka fara gangarowa. A ƙasan gangaren danja ta tsayar da motoci, wata tirela na tsaye a gabansu.

Sai motar ta yi tsit.

Fitilu suka kawo ja. Ya taka birki ya saki, ya taka ya saki, ya sake takawa. A na uku sai ya ji kamar dutse yake takawa. Motar kuwa sai ƙara gudu take a gangaren. A hagu mutane na tsallaka titi, a gaba ga bayan tirela. Ya sa duk ƙarfinsa ya finciki sitiyarin zuwa dama, motar ta daki katangar siminti da ke gefen gadar.

Gefen da Inna take ne ya daku.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba, ban da leɓensa da ya fashe. Inna kuwa sai da mutane suka ɓalle ƙofa kafin a fito da ita. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi a hankali. A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugunta ya karye, sai an yi aiki, kuma a shekarunta ba zai yi alkawarin za ta koma tafiya kamar da ba.

Injiniya yana zaune a kan benci, jini a gaban rigarsa, sai ya hango matarsa ta taho da sauri. Ya sunkuyar da kai yana jiran magana ɗaya da ya san ya cancanta: "Ai na gaya maka."

Ba ta faɗa ba. Ta duba leɓensa, ta miƙa masa rigar da ta taho da ita, ta ce, "Ina aka kwantar da Inna?"

Kwana ashirin da uku Inna ta yi a asibiti. Malama ta ɗauki hutu a makaranta. Ita ke juya ta, ita ke goge mata jiki, ita ke ba ta abinci a baki. Kullum yana jiran ranar da za ta yi masa gori, ranar ba ta zo ba. Shirun nan ya fi zagi yi masa ciwo.

An ja motar zuwa wajen wani dattijo mai gyaran wayar mota. Injin bai taɓu ba, murɗawa ɗaya ta tashi. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ciwon da ke zuwa ya tafi sai da labari. Yaushe take mutuwa? Da sanyi ko da zafi? Bayan tafiyar minti nawa? In ta mutu, nan take take tashi ko sai ta huce?"

Injiniya bai taɓa lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai ya tuna da littafin Malama. Ya buɗe aljihun gaban motar, littafin na nan.

Dattijon ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Ya ɗago ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

"Iyalina."

"To ai ta gama aikin. Ni hannu kawai zan sa."

Ya tayar da motar ya bar ta a rana tana aiki. Suka zauna suna kallon agogo. A minti na arba'in da shida injin ya ɗauke da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Dattijon ya zura hannu can ƙasan injin, ya kwanto wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba.

"Wannan ce ke gaya wa injin lokacin ba da wuta. Ta tsage a ciki. In ta yi zafi sai ta yanke, in ta huce ta koma. Wanda ya gwada motar minti biyar da safe ba zai taɓa kama ta ba. Da an kawo min takardar nan tun farko, aikin rabin awa ne."

Injiniya ya karɓi na'urar ya riƙe a tafin hannu.

Ranar da aka dawo da Inna gida, ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya nemi gafara. Ta dube shi.

"Ni na yafe, ɗa ne kai. Amma ba ni ka fara yi wa laifi ba. A gaban ƙannenka ka mayar da ita abin dariya, a gabansu za ka wanke ta."

Ranar Lahadi da suka zo, ya kira matarsa falo, ya ce ta zauna. Ya ajiye na'urar a kan tebur, ya faɗi duk abin da dattijon ya ce, bai rage komai ba. Sannan ya juya wajenta.

"Malama, sau bakwai kin gaya min gaskiya, sau bakwai na ƙaryata ki. Da 'ya'yana a cikin motar. Ki yafe min."

Ƙannen nan biyu suka kasa ɗaga kai. Ƙaramin ya ce, "Anti, mu ma a yafe mana."

Hawayen da Malama ta daɗe tana riƙewa suka zubo.

"Na yafe muku. Amma bari in faɗi abin da ya fi ci min rai. Ba dariyar ba ce. Kun yi ta faɗa har ni kaina na fara yarda cewa laifina ne. Ranar Asabar ɗin nan, tun da safe na yi niyyar ɓoye makullin. Na ɗauka, sai na ce a raina, wataƙila dai ni ce ban iya ba, a hannunsa ba za ta mutu ba. Na mayar da shi kan firij da hannuna."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya ta ce, "'Yar nan, share hawayenki. Ke kin yi naki."

An gyara motar, ba ta ƙara mutuwa ba. Inna ta warke, amma ba ta koma yadda take ba. Da sanda take tafiya, kuma ba ta iya durƙusawa, a kan kujera take sallah. Injiniya ne ke ɗauko mata kujerar kullum in yana gida. Ya hana kowa taɓa kujerar. Yakan ajiye, ya gyara mata zama, ya fita a hankali ya jawo ƙofa.

Darasi: Iliminka ba ya hana wani ya ga abin da ba ka gani ba. In na kusa da kai ya ce akwai matsala, ka saurara har ya gama, ko da a fannin da ka fi shi sani ne. Kuma mota in ta mutu tana cikin tafiya ko sau ɗaya ne, kada a ɗauki rai a cikinta sai an gano dalili. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu mota a gida, ko Allah zai sa wani ya saurara tun kafin ya yi nadama.