Ƙullin Kabar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku karɓa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A Tungar Marke, wani ƙauyen dabbobi da ke bakin daji, akwai wata Akuya mai 'ya ɗaya tilo, Kyalla. Abu biyu ne suka riƙe garin nan. Duk ranar kasuwa akan zauna gindin marke, tsoho Kunkuru ya saurari kukan kowa. Sannan akwai kuwwa: in Kura ta leƙo gida, mai gidan ya ƙwala ihu, maƙwabci ya karɓa ya miƙa gaba, kafin ka ce me gari ya fito. Kura ta sha zuwa, ta sha komawa da yunwarta.

Sai Gizo, maras kunyar nan, ya bi Kura daji suka ƙulla, kowane kamu a ba shi cinya.

Ya fara da gidan Jaki, ya miƙa masa ƙullin kaba. Ya ce wai ya roƙi Kura ta yi masa alkawari, gidan da ya rataya wannan a bayan ƙofa ba za ta taɓa shi ba. Sharaɗi biyu ne, kada ya amsa kuwwa, kada ya je gindin marke, don can asiri ke tonuwa. Ya je gidan Tunkiya ya faɗi haka. Ya zo gidan Akuya ya faɗi haka, har da matse ƙwalla.

"Ke kaɗai na samo wa, Uwar Kyalla. Saboda yarinyar nan na yi."

Akuya ta dubi Kyalla, ta karɓa, har da godiya. Wai godiya, jama'a!

Ranar kasuwa ta zo, Kunkuru ya zauna shi kaɗai yana korar ƙuda. Kura kuwa ta daina jiran duhu. Da hantsi ta kwashe 'ya'yan Zabuwa, Zabuwa ta yi ihu har muryarta ta dushe, ba wanda ya motsa. Da azahar ta ja maraƙin Saniya, shiru. Rannan da la'asar Akuya ta ji muryar Tunkiya, wadda danga ɗaya ta raba su, tana kiran sunanta. Ta zabura, ƙafarta ta kai bakin ƙofa. Sai ta ga ƙullin kaba, ta ja Kyalla ta rufe ɗaki.

Washegari ta shiga yi wa Tunkiya gaisuwar ɗanta da Kura ta ɗauke, kanta a sunkuye don kunya. Tana juyowa za ta fita, me za ta gani a bayan ƙofa? Ƙullin kaba irin nata sak. Nan take ranta ya ɓaci. Ashe abin da ta sayar da maƙwabciyarta a kansa ko ɗan rago bai tsare ba, kuma gidan da ke biye nata ne.

Ta fizgo nata ƙullin ta nufi gindin marke. Kunkuru ya ce ta haƙura, gari ya mutu, ba mai zuwa. Akuya ta ce yau za su zo. Ta ƙwala kuwwa, shiru. Ta sake, ƙofofi suka ƙara rufuwa. A ta uku wata dusasshiyar murya ta karɓa, ta Tunkiya. Kunya ta kama Jaki ya karɓa, Saniya ta karɓa, gari ya cika wurin.

Akuya ta jefa ƙullinta tsakar taro.

"Gizo ya ce ni kaɗai ya ba. Wanda ba shi da irinsa ya tashi mu gan shi."

Ba wanda ya tashi. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fiddowa, har kaba ta yi tsibi. Nan take aka yanke cewa zama ya dawo, kuwwa ta dawo, kuma duk mai wata magana da daji ya kawo ta gaban kowa.

Kura ba ta da labari. Da hantsi ta taho tana taƙama, ta cafke ƙafar Kyalla a bakin danga. Akuya ta yi ihu. Kafin ta rufe baki Tunkiya ta tsallako ta gabza wa Kura kai a ciki, Jaki ya bi da harbi, Saniya ta kawo ƙaho. Kura ta saki Kyalla ta ja gindi ta shige daji, har yau ba ta miƙe daidai ba. Gizo kuwa da aka kira shi gindin marke sai ya haye rufin ɗaki, yana can yana ƙulle-ƙullensa.

Akuya ta rungume Kyalla, ta je ta durƙusa gaban Tunkiya tana godiya. Tunkiya ta dubi yarinyar, ta juyo ga Akuya.

"Ranar nan kin ji ni, Uwar Kyalla?"

"Na ji ki."

"Da kin fito, da yanzu tare suke wasa."

To kun ji, jikokina. Duk wanda ya zo muku da raɗa ya ce ku tsira ku kaɗai, ku bar zaman gari, ku toshe kunne da kukan maƙwabci, layi yake jera ku don a ci ku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan, kowa ya ɗauki rabonsa.