Takalman Bakin Tabki

Akwai wani malami a lise ɗin Madarumfa, wato lakwal ta sakandare, ana ce masa Mushe Kalebu. Ɗan birnin Maraɗi ne, kuma ya san ya iya aikinsa. Kullum abu uku yake rubutawa a tablo: jigo, tauraro, wuri.

Wata rana ya sa kowa ya rubuto gajeren labari. Farida 'yar masunta ta kawo rabin shafi. Ba komai a ciki sai takalman roba a bakin tabki. Rana ta fito a kansu, rana ta faɗi. Raɓa ta jiƙa su. Akuya ta shinshina ta wuce.

Mushe ya karanta a gaban kowa, yana jan murya.

"Farida, wuri dai mun gani. Ina tauraron? Ko takalmin ne zai yi mana magana?"

Kilas ya fashe da dariya.

"Mushe, akwai shi," ta ce, kanta a ƙasa.

"To, in ya iso ki gaishe shi." Ya zana mata sifiri da jan bik.

Sati biyu ba a ga Farida ba, ga jarrabawa ta matso. Mushe ya bi sawunta har bakin ruwa. Can ya tarar da wani tsoho yana ɗinkin komar kamun kifi, gefensa ga takalman roba an danne su da dutse.

Ya nuna takalman.

"Baba, waɗannan na wane ne?"

"Kai baƙo ne ko? Masunci nan yake tuɓe takalmi kafin ya hau jirgi. In ya dawo ya sa abinsa. Waɗannan na Nura ne, wan Farida. Tun damina. Jirgin ya dawo shi kaɗai."

"Ita fa?"

"Ita ke zuwa tana kakkaɓe su. Jiya ta bi gwaggonta Najeriya. Ta ce ta gama da lakwal."

Har yau takardar tana wurin Mushe. Ya yi ta goge sifirin nan har wurin ya huje. Duk shekara da ita yake buɗe darasi, kuma in ya zo kan akuyar sai ya tsaya yana kallon bencin baya, inda Farida ta saba zama.

Darasi: Kafin ka ce labarin mutum ba kowa a ciki, ka tambayi wanda ya san wurin. Wani tauraron rashinsa ne labarin. Ku tura wa malamai da ɗalibai, kuma ku sa waɗanda ruwa ya riƙe a addu'a.