Wayar da Yaya Ya Raina

Akwai wata tela da 'yan unguwa ke kira Mai Keke, saboda tun safe har la'asar ba ka jin komai daga shagonta sai ƙarar keken ɗinki. A gidanta mahaifinsu yake zaune, tsoho mai fama da hawan jini. Likita ya sha ja mata kunne cewa duk ranar da ya faɗi, ko bakinsa ya karkace, a kawo shi asibiti nan take.

Yayanta direba ne, kuma shi kaɗai ke da mota a danginsu. Sai dai wayarsa ta gama yawo. Gilashin ya tsage, batirin ya kumbura, da kyauron roba ma yake ɗaure ta. Ka kira shi sau biyar, da ƙyar ɗaya ya shiga.

Duk lokacin da ta yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ke ba ki san kan waya ba. Sabuwa na nan tafe. In saya yau, gobe ta zama tsohon yayi?"

Wata uku ana wannan waƙa. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, sai ta haƙura da sabon keken da ta daɗe tana buri, ta nufi shagon mai waya.

Mai wayar bai ɓoye mata komai ba. Ya ce, "Gaskiya ana ta raɗe-raɗin sabuwa za ta fito, amma ko ni ban san ranar ba. In wanda za ki saya wa yana da wadda yake lallaɓawa, ya jira. In babu, ga wannan. Tana kwana biyu da caji, ba ta da matsala."

Ta saya, ta kai wa Yaya tasha, inda ta same shi a kan benci cikin abokan aikinsa.

Ya buɗe kwalin, ya juya wayar gaba da baya, ya taɓe baki.

"Wannan ai ta bara ce. An dai yi miki wayo, an sauke miki kwantai."

"Yaya, don Baba na saya. Ko ba komai a riƙa samunka."

"To ni aka ce miki mabaraci ne? Ki tsaya kan zare da allura, abin da kika iya ke nan." Ya ajiye mata kwalin a ƙasa, kusa da ƙafarta, abokansa suna ta dariya.

Mai Keke ta sunkuya ta ɗauka, idonta ya yi jajir. Ta juya ta koma shago. Ranar sai da ta karya allura uku, ta kuma yanka yadin wata amarya a karkace saboda takaici.

Sati biyu suka wuce, sabuwa ba ta fito ba. Aka ce ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, aka ce an ɗaga.

Wata ranar Talata, ana gab da azahar, ta shiga gida kai wa Baba magani, sai ta tarar da shi kwance a ƙofar banɗaki, buta ta kife a gefensa. Bakinsa ya karkace, hannun damansa ya saki.

Ta kira Yaya, aka ce wayar a kashe take. Ta sake kira. Sai da ta kira sau goma sha ɗaya.

Ta fita titi ko mayafi babu. Motocin da ta tare duk cike suke, wasu kuma da suka ji marar lafiya ne a kwance sai su ja abarsu. Daga ƙarshe maƙwabcinta mai walda ne ya jefar da aikinsa, ya goyi Baba har bakin babban titi, inda suka samu wata motar kaya. Kafin su isa asibiti an yi kusan awa biyu.

Likita ya duba shi ya fito, ya ce, "Rai dai da sauran kwana. Amma da kun zo da wuri, da mun iya ceto maganarsa."

Sai bayan la'asar Yaya ya shigo a guje, wani ɗan tasharsu ne ya ba shi labari. Mai Keke ta tare shi a baranda.

"Ina ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Wayar ce ta mutu. Na je layin masu waya in ji ko sabuwar ta iso."

Layin masu waya, tsakaninsa da gidanta ko minti biyar ba a yi a mota.

Nan fa abin da ta haɗiye tun ranar tasha ya fashe.

"To ta iso? Ka gaya min, ta iso? Shiga ka nuna wa Baba ita. Ina tsaye a titi ko mayafi babu ina roƙon bare, kai kana can kana kallon hoton waya. Ka wulaƙanta ni gaban abokanka na shanye, don kai babba ne. Amma wannan ba zan shanye ba. Mai walda da ba jininsa ba shi ya goyi ubanka. Kai da mota, kai da ƙarfi, me ka tsinana masa?"

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce su rage murya. Yaya dai bai iya ɗaga ido ba. Can ya ce a hankali, "Wayar da kika saya min tana nan?"

"Na ba mai walda. Shi in an kira shi yana zuwa."

Sai da aka yi wata biyu Mai Keke ba ta amsa gaisuwarsa. Shi kuwa ya rage fita aiki, kullum yana gidanta, shi ke yi wa Baba wanka, shi ke ba shi abinci a baki.

Wata safiya ya durƙusa a gaban gadon, ya riƙe hannun da ke motsi, ya ce, "Baba, ka yafe min."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Leɓɓansa suka yi ta motsi, yana ƙoƙari har gumi ya keto masa. Yaya ya kai kunne kusa, Mai Keke ma ta matso daga bakin ƙofa. Har yau babu wanda ya san abin da ya ce.

Darasi: Sabuwar waya ba ta ƙarewa, yau wata ta fito gobe wata na hanya. In taka tana aiki, jira ba laifi ba ne. Amma in buƙata ta zo, ɗauki wadda za ta biya maka ita, kada girman kai da son burgewa su sa masu nemanka su rasa ka ranar da ba ta da maimaici. Kuma kada ka raina kyautar wanda ya hana kansa ya ba ka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai irin halin Yaya a cikinsu.