Caran Zakaran Malam Barau

Ku matso ku ji. Zakara ne a cikin labarin nan, amma ba na dariya ba ne.

Da Malam Barau ya rasu, abin da ya bar wa matarsa Inna Tasalla bai wuce wani jan zakara ba, na ƙarshe a irin da ya gada wurin mahaifinsa. Takan ce, "In ya yi cara, sai in ji kamar Malam zai yi gyaran murya ya ce in miƙo buta." Kewa ta cinye ta. Ga zakara ya tsufa, kaji suna ta ƙwai, duk baragurbi. Duk ranar da zakaran ya mutu, muryar gidan ta tafi ke nan.

Babban ɗanta Jatau mai fige kaji ne, ya san cikin zakara kamar tafin hannunsa. Makwabta suna ta zagin kaji, shi kuwa ya ce, "Inna, laifin ba nasu ba ne. 'Ya'yan marainan zakara a ciki suke, manne da gadon baya. Kin shaƙe shi da tuwo saboda so, kitse da zafi sun kashe masa iri."

Nomau, na biyu, manomi ne, ba ya son surutu. Ya kafa wa zakaran rumfa, ya hana shi tuwo, kullum ya shiga daji ya haƙo masa gara, har hannuwansa suka yi kanta. Zakara ya murmure, amma ƙafa ta ƙi, ba ya iya hawan kaza.

Sai auta Cindo, wanda ya taɓa aiki a gidan gonar kaji. Ya riƙe zakaran, ya yi ta shafa bayansa har ya tatsi ɗigon maniyyi, ya sanya wa kaza. Gari ya yi masa dariya, shi kuwa ya toshe kunne.

Cikin tsakin da aka ƙyanƙyashe, ɗaya ne namiji, ja wur. Tsohon zakaran ya mutu, gidan ya yi tsit wata da watanni. Ranar da ƙaramin ya fara cara, Inna tana kwance ba lafiya, ta ɗago kai ta ce, "Na'am, Malam." Ba ta ƙara mako a duniya ba.

Yanzu kowane ɗa yana son ya ji caran nan a ƙofarsa, zakara kuwa ba ya rabuwa uku. To, gidan wa ya kamata ya kwana?