Fumfunar Kurmi da Fumfunar Tuwo

Fasto ya hana mu rantsuwa, da na rantse muku ba za ku yarda da wannan ba. Ni da na bar makaranta a aji uku don malamai sun rasa abin koya mini, yau ni ke ba da misali a gaban coci.

Akwai wani tsoho mai fadama, ƙasarta baƙa, mai laushi kamar soso. Mutane suka janye ruwanta, wuta ta shiga ta yi wata biyu tana ci ta ƙarƙashi. Ko ciyawa ta ƙi fitowa.

Tsohon ya shiga kurmi ya haƙo ƙasa daga saiwar itacen giyayya, mai farin zare-zaren fumfuna a jiki. Ya ce, "Wannan ita ke kama saiwa ta ciyar da ita. Da ita fadamata za ta tashi." Ya ajiye a kwando a inuwa.

Yana da maƙwabci mai wayo ƙwarai, kyakkyawa kuma. Wannan ya ce a ransa, "Fumfuna ai fumfuna ce, bari mu sha dariya." Ya zubar da ƙasar, ya cika kwandon da ƙasar bola da tsohon tuwo mai fumfuna.

Tsohon ba ya gani sosai. Ya dasa itatuwa ɗari uku, yana zuba wa kowanne, yana addu'a. Duka suka bushe. Ya ce, "Ashe Ubangiji ya juya mini baya." Bai ga wata damina ba.

Ga ma'anarsa, 'yan'uwa. Fadama zuciya ce. Fumfunar kurmi aikin Allah ne, wanda ba a gani, a saiwa yake. Ta tuwo kuwa kama kawai ta yi da ita, ba ta ciyar da kowa. Ku lura da abin da ake zuba muku a kwando.

Nan na tsaya ina jiran "Amin". Sai Mama Tabita, matar marigayi Baba Zakka mai fadamar, ta miƙe daga bencin baya.

"Ɗana, wa ya gaya maka tuwo ne? Ni kaɗai na ga gindin kwandon, ban faɗa wa kowa ba."

Na ce, "Mama, ai misali ne."

"To. Kwandon yana nan. Kurmi ma yana nan. Ɗari uku ne."

Gobe da safe zan fara dasawa.