Kura da Ragowar Magani

Kakanku mai ba ku tatsuniya ba ya nan. Ciwon da ya ƙi jin magani ne ya ɗauke shi a asibiti. Yau ni ce a tabarmarsa. Ga ta nan, jikoki, ga ta nanku!

Ta zo, Kaka, mu ji ta!

Ƙaya ce ta soki Kura, ƙafa ta yi gyambo. Likita Kunkuru ya ba ta magani, ya ce, "Ki shanye tas, ko da kin ji sauƙi."

Da zafi ya lafa, Kura ta ce, "Ni mai taune ƙashi zan ji tsoron ƙwayar cuta?" Ta watsar da sauran.

A cikin gyambon kuwa, raunanan ƙwayoyin cuta sun mutu, masu taurin kai sun saura. Babbarsu ta ce, "Na ɗanɗana abin nan, na gano yadda ake tofar da shi. Ku matso in koya muku."

Ƙafa ta sake kumbura. Kura ta koma asibiti, ta sosa gyambonta, ta bi gado-gado tana ba da hannu: "Sannu Zomo! Ya jiki, Bushiya?" Duk ta shafa musu.

Kunkuru ya kawo maganin farko, ƙwayoyi suka tofar suna dariya. Da ƙyar ya samo wani mai ɗaci ya ceto Kura da sauran majinyata. Wannan karon Kura har cokali ta lashe, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Shi ya sa har gobe take ɗingishi.

Ƙurungus, ta ƙare a kan ɗan kusu. Ku ɗaga hannu: Allah ya ji ƙan kakanku, ya bar wa magani ƙarfinsa. Ku ce amin.