Bangon Gabas na Ɗantani Magini

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya mu a zamanin Malaminmu, bawan Allah mai tsentseni da zuhudu, masanin Fiƙihu da Tafsiri, wanda muka yi shekaru muna ɗaukar karatu a zaurensa a ƙasar Bodinga ba mu taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Karamominsa suna da yawa, shi kuwa ba ya son a ambace su, amma wannan da idona na gan ta, zuciyata kuma ta ƙi barina in yi shiru.

Akwai wani tsohon magini a garinmu, Ɗantani, mutumin Dingyadi, wanda taurin kansa ya kai a ba da labari, don duk duniya ta koma bulo da siminti, shi yana nan da tubalinsa da laka. Matarsa Daso Bafillatar Horo Birni ce, gwanar zanen ƙwarya, wadda ba ta ɗora wuƙa mai zafi a jikin ƙwarya sai bakinta na salati. Da Allah Ya yi mata rasuwa, sai ya zo gaban Malam ya roƙi izinin sake gina ɗan masallacin unguwarmu da ƙasa, ya fitar da zanen ƙwaryarta a bayan bangon gabas, ta yadda duk mai wucewa zuwa fadama zai gani ya yi tasbihi, ladan tasbihin ya riske ta a kabarinta. Wasu daga cikinmu suka yi gunaguni, wai ina zanen ƙwaryar nono ina bangon masallaci. Malam, Allah Ya ƙara masa haske, ya ce, "Hannun da yas saba da salati ba shi zana abin da ka ɓata bangon masallaci." Daga nan Ɗantani ya kama aiki.

Aikin da ya kamata a gama da rani sai ya ja, domin hannun tsohon ya fara rawa, ga shi kuma idan layi ɗaya bai yi daidai da na Daso ba sai ya shafe ya sake. Damina ta shigo, aka yi shuka, sannan ruwa ya ɗauke har gero ya fara naɗe ganye. A tsakiyar wannan fari Ɗantani ya gama zanensa, ɗanye sharaf, yana jiran ya sha rana kafin a shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. A ranar kuma manoma suka cika zauren Malam, aka tsayar da shawarar fita roƙon ruwa washegari.

Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas yake fara duka. Idan ruwa ya sauka a kan ɗanyen zanen, ya tafi ke nan, tsohon kuwa ba shi da sauran ƙarfin sakewa. Rufe shi da zana ko leda ma ba dama, iska za ta goga su a jikin lakar ta shafe komai. Tausayinsa ya kama ni, na same shi na ce, "Baba, ka hwaɗa ma Malam a ɗan jinkirta, ai yana jin maganarka." Ya harare ni ya ce, "In ce a bar geron mutane shi mutu don bangona? Daso da kanta ba ta yarda da wanga zance ba. Tashi ka ba ni wuri."

Da hantsi muka fita filin idi, aka juya riguna, Malam ya yi salla ya ɗaga hannu. Ɗantani na sahun gaba, busasshiyar laka a yatsunsa, hawaye na bin gemunsa, amin ɗinsa kuwa ya fi na kowa ƙarfi. Wallahi ban taɓa son tsohon nan kamar a wannan lokaci ba. Da aka shafa, Malam ya kama hannunsa ya ce, "Wanda ka saukar da ruwa, Shi ka aiko iska. Tahi ka huta."

Bayan la'asar duk gari ya zuba wa gabas ido, sama kuwa tas, ko gajimare babu. Muna tsaye sai muka ji iska mai sanyi ta bugi ƙeyarmu. Muka waiwaya, ga hadari baƙi ƙirin ya haɗo daga yamma, abin da dattawanmu suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya shayar da gonaki tun daga Danchadi har ƙasar Shagari, ya yi ta dukan bangon yamma na masallacin, wanda an riga an yi masa makuba. Da ya tsagaita muka ruga baya, muka tarar da Ɗantani zaune a gindin bangon gabas, ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe kamar faɗin tabarma, zanen Daso kuwa ko layi ɗaya bai zuba ba.

Tsohon ya rarrafa zai kama ƙafar Malam, Malam ya ɗaga shi ya ce, "Ba ni ba na, Ɗantani. Mu duka mun roƙi abin da mu ka so. Kai kaɗai kac ce amin ga abin da za shi rushe ma aiki."

Tsarki ya tabbata ga Mai juya iska yadda Ya so, Mai girmama bayinSa salihai. Ya Allah Ka jiƙan Daso, Ka saka wa Ɗantani, Ka ƙara wa Malaminmu lafiya da kusanci, mu kuma masu raunin zuciya Ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu duniya da lahira, amin.